Ranar Da Nesta Penlan Ta Bar Tukunya

Shekara arba'in da huɗu Nesta ta yi tana dafa wa masu gayyar tumaki abinci, kuma a iya tunawarta babu ranar da wani ya tambaye ta ko tana so. Ba don mugunta ba ne. A kwarinsu, can arewacin Wales, ba a yi wa mutum tambayar da ake tsoron zai amsa da gaskiya.

Tana da shekara ashirin da huɗu ta shigo gidan gonar Penlan. Kafin nan a wani kantin magani take aiki a cikin gari, tana naɗe kwalabe a takarda da yatsu masu tsabta. Idwal ya shigo sayen maganin tari, mako ya zagayo ya sake shigowa, har sau biyar, kafin ta lura ko sau ɗaya bai yi tari a gabanta ba. Aka yi biki a watan Mayu. A watan Yuli, da gayyar farko ta zo, uwar mijinta, tsohuwa Marged, ta tsayar da ita gaban murhu ta karanta mata doka.

Murhun na ƙarfe ne, mai cin itace, da tanderu biyu. Na sama shi ne mai zafi, shi ne na girki. Na ƙasa ɗumi kawai gare shi. A ciki ake ɗumama farantai, a ciki kuma ake kwantar da jaririn tunkiya idan sanyi ya nemi kashe shi, a bar ƙofar a buɗe. Dokar ita ce: kafaɗar rago uku, a soya kowacce har ta yi ja, a yanka albasa ƙanana, a zuba romo, a sa a tanderun sama. Duk rabin awa a ciro tukunyar, a juya naman, a ɗebi romo da cokali a yi masa wanka, a mayar. Awa uku da rabi ana haka. Tukunyar kuwa, in nama ya shiga, ta kai nauyin buhun abincin kaji.

"Mace ta gari ba ta barin tukunya," in ji Marged. "Tanderun ƙasa na malalata ne. Matar gonar Hafod a nan take girki, shi ya sa mijinta bai yi tsawon rai ba."

Mijin matar Hafod tarakta ce ta danne shi, amma Nesta amarya ce, ba ta yi gardama ba.

Sai abin cin naman: dankali da karas da rwdan, a dafa a kirɓa su tare da man shanu. Dankali da karas ba su da rigima. Rwdan ce matsalar, ƙatuwar saiwar nan mai ruwan ƙwai a ciki, girman kan mutum, taurinta kuma kamar kan mutumin kwarin. Fere ta aiki ne, sara ta wani aikin ne dabam, kuma guda shida ake bukata. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, ba a dai faɗi wanda zai fere masa dutsen ba.

Dutsen da ke bayan gidajen na kowa ne, babu shinge a kansa. Tumakin kowace gona sun san ɓangarensu, uwa ke nuna wa 'yarta iyaka. Sau uku a shekara ake tattaro su: a Yuli don aski, a Satumba don raba 'ya'ya da iyaye, a Nuwamba don sakin raguna. Mutum ɗaya ba ya iya wannan aikin, sai gayya. Yau a hau wa Hafod, gobe Dolwen, jibi Cefn, gata Penlan. Ba a biyan kowa. Ƙafarka da karenka za ka kai wa maƙwabci, shi ma ya kawo maka nasa, gidan da aka yi wa aiki kuma ya ciyar.

Girki uku a shekara abu ne da mace za ta iya ɗauka tana gunaguni a zuci, kuma Nesta ta ɗauka. Marged ta mutu, dokarta ba ta mutu ba. Sai shekara bakwai da suka wuce ƙugun Idwal ya ce shi kam ya gama hawan dutse. An yi masa aiki a asibiti, yana tafiya a fili da sanda, amma tudu ya fi ƙarfinsa. Wanda ba ya hawa ba shi da abin rama gayya, wanda kuma ba ya ramawa ba ya kira. Idwal ya yi kwana uku bai ce uffan ba, abin da ba a lura da shi da wuri ba, saboda dama ba mai magana ba ne.

Tegid Hafod ne ya warware matsalar. Shi ne babba a gayyar, ɗan matar nan da Marged ta yanke wa hukunci, tuzuru mai babbar murya. Ya saba yi wa kare magana daga wannan tudu zuwa wancan, har ya manta yadda ake yi wa mutum a cikin ɗaki. Ya zo ya tsaya a tsakar gida ya tura hularsa ƙeya.

"Haba Idwal, mene ne abin ɓata rai? Dama can ba wani hawan kirki kake yi ba, karenka ke aikin kana bin sa a baya. Mu za mu hau maka. Matan gidajen nan duk sun kama aiki a gari, burodi da cuku ake tura mana kamar 'yan makaranta. Nesta ta riƙa yi mana girkin duka kwanakin, ka ga an yi daidai."

"Ai kuwa," in ji Idwal, fuskarsa ta washe.

Nesta tana tsaye taku uku daga wurin da butar shayi a hannu. Duk su biyun suka juyo gare ta, har ta ɗauka tambayarta za a yi. Kofunansu suka miƙo.

Haka girki uku ya zama goma sha biyu.

Yanzu shekararta sittin da takwas. Sanyin ƙashi ya kama yatsunta, sun karkace kamar citta, zoben aurenta ma sai da aka yanke shi. Rwdan da gatarin faskare take sara ta a kan kututture a bayan gida, tana rufe ido ɗaya. Bayan kowace gayya takan yi mako ba ta iya ɓalle maɓallin rigarta. Abin da take so bai da yawa: ta daina. Amma ta san yadda abin ya ɗaure. In ta daina girki, Penlan ba ta da abin ramawa. Idwal ba zai yarda a hau masa dutse a sadaka ba. Sai dai a rabu da tumakin, ɗari biyu da 'yan kai, waɗanda tun zamanin kakansa suke kiwo a ɓangaren nan. Ranar gayya Idwal yakan fitar da kujera bakin shinge da madubin hangen nesa, yana bin kowace tunkiya da ido, yana yi wa karnukan da ba sa jin sa gyara. A duk shekara, kwanakin nan ne kaɗai yake cin abinci har ya nemi ƙari.

Ta gwada ta hanyar da aka saba. Ta ce wa Idwal hannun nan fa sai a hankali. Ya ce Allah sarki, ya sayo mata sabuwar wuƙa. Ta ce wa Tegid shekaru sun ja. Ya ce wane irin ja, ai ita ce za ta binne su duka, ta kuma yi girkin makokin.

'Yarsu Siwan, wadda ke aikin jinya a Cardiff, ta bugo waya wata Lahadi bayan coci.

"Mam, ki buɗe baki ki ce kin daina mana. Kalma nawa ce?"

"Ke da kika zauna birni kin manta. Wa kika taɓa ji ya ce ya daina a kwarin nan? Mutuwa ake yi, sai a gane."

"To shi kike jira ke nan?"

"Ina na ga lokaci? Satumba ta matso."

"Ni zan kira Tada in gaya masa."

"Ki bar ubanki ya sha iska. In kika kira shi, ni da ke ne."

"Mam, kin fi rwdan ɗin tauri."

"Madalla. Kin ci abinci kuwa?"

Abin da baki ya kasa, Nesta ta yanke shawarar tukunya ta faɗa. In ta ba su nama mai taurin takalmi sau ɗaya, babu wanda zai yi magana, ta san su. Za su cinye, su yi godiya, su tafi. Amma a hanya Tegid zai ce wa sauran, Nesta fa ta fara gazawa, kuma kafin Nuwamba za a samo wata dabarar sauke mata kayan cikin mutunci, kowa yana yi kamar bai san dalili ba. Sunanta na mai girki zai zube. Ta auna sunan, ta auna hannun, ta ga hannun ne ke hana ta barci. Abin da zai sami tumakin Idwal kuwa, ta ƙi barin tunaninta ya kai can.

Kwana ukun farko na gayyar Satumba ta yi girki bisa doka, don kada a ce ta ɓata ranar wani gida. Rana ta huɗu ta Penlan ce, kuma mutum yana da ikon kunyata kansa a gidansa.

Masu gayya sun hau da sassafe, mutum goma sha ɗaya da karnuka, da nufin sauka cin abinci da sha biyu. Da ƙarfe takwas Nesta ta ɗauko kafaɗun nan uku da sanyinsu, ba suya ba komai, ta jefa a tukunya. Albasa raba ta biyu kawai ta yi. Ta watsa gishiri ba awo, ta juye wata ragowar giyar tuffa da ta yi wata uku a bayan kabad, ta ƙara ruwa, ta rufe, ta tura a tanderun malalata. Awa huɗu a wannan ɗumin, a ganinta, ko jaririn tunkiya bai gama farfaɗowa ba. Naman zai fito fari, da tauri, da jini a jikin ƙashi. Rwdan shida kuwa ɗungurungum ta cusa su a tanderun sama, da ɓawonsu, da 'yar ƙasar da ke jikinsu, su ƙone a waje su zauna ɗanye a ciki. Ba ta ƙara itace ba. Ta cire rigar girki, ta ɗauki makullin mota. Idwal yana kan kujerarsa ya ba gidan baya, madubi a ido.

A bakin tafkin da ke ƙasan gonar ta kashe motar. Shekara arba'in da huɗu ba ta taɓa ganin dutsen ranar gayya ba sai ta tagar kicin mai tururi, kuma yau ɗin ma ba ta gan shi ba, don gajimare ya sauko ya rufe masa kai. Ta yi niyyar jin daɗi. Ta zauna tana jiran daɗin ya iso. Duk rabin awa sai jikinta ya zabura da kansa, hannu ya kai ga tsumman da babu shi. Daga baya hannuwan suka haƙura suka kwanta a cinyarta kamar baƙin da ba su san kowa ba a gidan. Wata agwagwa ta zo ta dube ta ta wuce. Ta jingina kai da gilashi don ta huta minti biyar.

Biyu da kwata ta farka.

Ta koma gida tana shirya fuskar da za ta nuna wa mutum goma sha ɗaya da ke zaune gaban tebur ba komai. Tsakar gida ba kare ko ɗaya. Idwal ne kaɗai a ƙofar kicin, ya dogara sanda.

"Ba su sauko ba?"

"Gajimare ya kama su tun tara. Glesni ta gonar Dolwen ta bugo, suna zaune a gindin dutse suna jira ya ɗaga. Yanzu ya fara."

Bai tambaye ta inda ta je ba. Kicin ɗin yana da ɗumi fiye da yadda ya kamata a ce yana da shi, kuma akwai wani ƙamshi da bai yi mata daɗi ba ko kaɗan, saboda ƙamshi ne mai daɗi.

Ta ƙi buɗe tukunyar. Ta dafa dankali da karas da ɓawonsu. Da ta ciro rwdan sai ta ɗan sami ƙarfin gwiwa, don sun yi baƙi kamar gawayi. Ta taɓa ɗaya da cokali, ɓawon ya dare, cokalin ya nutse a ciki kamar a fura. Ta tsaya tana kallon sa. Sannan ta kwashe cikin duka shidan, ta kirɓa sama-sama ta bar guda-guda, ta jefa curin man shanu sukutum don haushi.

Huɗu da rabi suka iso, a jiƙe, suna tuɓe takalma a bakin ƙofa. Muryar Tegid ce ta riga kowa shiga.

"Uwar ɗakina! In ba ki ba mu abinci yanzu ba zan cinye karen Cledwyn, dama ba shi da wani amfani."

"Karena tumaki arba'in ya tattaro yau," in ji Cledwyn na gonar Cefn, ɗan siririn dattijo mai gashin baki. "Kai me ka tattaro ban da mura?"

"Arba'in ɗin nawa ne na maƙwabta? Kare ɓarawo, mai kare ɓarawo."

Glesni, wadda ke riƙe da gonar Dolwen tun rasuwar mahaifinta, ta matso tana goge hannu. "Anti Nesta, ki yi haƙuri mun makara. Naman ya bushe ko?"

"Sai abin da kuka gani," in ji Nesta.

Glesni ce ta ciro tukunyar ta dire a tebur. Nesta ta ɗaga murfin. Ta kama ƙashin kafaɗa da nufin juya naman, ƙashin ya biyo hannunta shi kaɗai, fes, kamar an wanke shi. Awa takwas da rabi. Naman ya yi duhu, yana rabuwa da kansa tun cokali bai gama taɓa shi ba. Albasar ta narke ta bi romo, romon ya yi kauri yana sheƙi.

Aka ci. Ba ka jin komai sai cokula, da wani kare da ke kuka a waje. A kwarin nan ba a yabon abinci, kada mai girki ta ɗauka a da ba ta iya ba. Abin da Nesta ta saba ji daga bakin Tegid in ya gama shi ne "ba laifi". Sau ɗaya, shekarar da ta yi girki da cikin Siwan wata takwas, ya ce "ba laifi ko kaɗan". Yau sai ya ajiye cokali tun faranti bai ƙare ba, ya goge ido da bayan hannu, ya ce tururi ne.

"Nesta," ya ce, "rabona da cin nama irin wannan tun Mam tana da rai."

Nesta ta tuna matar Hafod. Mace ce mai jiki, mai yawan dariya, wadda ranar gayya akan gan ta zaune a ƙofar gida tana karanta jarida, abin da Marged ke nunawa da baki duk lokacin da suka wuce. Shekara casa'in da ɗaya ta yi a duniya, yatsunta a miƙe. Nesta ta fara ƙirga sau nawa ta ciro tukunyar nan ta mayar tun tana amarya, sau bakwai a kowane girki, sai ta bari, don ta ga amsar ba za ta amfane ta da komai ba.

"Anti, don Allah ki faɗa mana sirrin," in ji Glesni. "Kirɓen nan ma, me kika sa masa? Kamar da zuma."

Nesta ta ga ƙofa ta buɗe, ta shiga.

"Ban yi masa komai ba. Jefa shi na yi a tanderun ƙasa na yi tafiyata. So na yi ya lalace."

Tebur ya kwashe da dariya. Ai haka ake cewa. Babu mace mai tarbiyya a kwarin da za ta dire abinci ba ta ce ya ƙone ba, ko gishiri ya yi yawa, ko a yi haƙuri da abin da aka samu. Nesta da kanta ta shekara arba'in tana faɗar irin wannan a kan naman da ta tsaya wa har ƙafarta ta kumbura.

"Haka take cewa kullum," in ji Cledwyn da cikakken baki.

"To don girman Allah a Nuwamba ma ki lalata mana shi haka," in ji Tegid yana buga tebur. "Kwana huɗu a jere. Kada ki gyara komai."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, bai kuma nemi ƙari ba: Idwal.

Da suka watse, rana ba ta gama faɗuwa ba, Nesta ta tsaya wanke-wanke. Idwal bai fita duba tumakin da aka sauko da su ba. Ya ɗauki tsumma ya kama faranti ɗaya yana gogewa, ya daɗe a kansa.

"Ni na ƙara itacen," ya ce. "Sau uku. Na shigo shan ruwa na ga ba kowa, wuta tana mutuwa."

"Sannu da ƙoƙari."

"Ban taɓa tukunyar ba."

"Na gani."

Ya juya farantin ya kama goge bayansa. "Da gajimare ya rufe dutsen na rasa abin kallo, sai na juya madubin ƙasa. Na ga motar a bakin tafki. Kanki a jikin gilashi, awa biyu ba motsi. Na ɗauka shi ke nan. Ga shi ba mota, ga shi ba ƙafa. Har na fara saukowa da sanda, sai na ga kin gyara kwanciya."

Nesta ta ciro hannuwanta daga ruwan ta dafa bakin tebur don su huta. Ya dube su irin duban da yake yi wa ƙafar tunkiya mai ɗingishi, a tsanake, kamar yau aka kawo su gidan.

"Yanzu ai abin ya zo da sauƙi," ta ji kanta tana cewa. "Tunda yana dafa kansa. Zan iya."

Ta kuma ji yadda muryar ta fito, kamar ta wanda aka gaya wa an gyara masa ɗakin kurkuku.

"Uhm," in ji Idwal. Ya rataye tsumman a inda ba nan ake rataye shi ba, ya fita rufe kaji.

Washegari Tegid ya zo da wata tunkiyar Penlan da ta bi garkensa. Shi da Idwal suka jingina da shinge. Suka yi maganar ruwan sama. Suka yi maganar ciyawa, da karen Cledwyn, da sabon limamin coci mai doguwar huɗuba. Nesta tana jin su ta taga, ko da yake Tegid ana jin sa ko ba taga. Sai da aka yi minti arba'in sannan Idwal ya ce, yana kallon dutsen:

"Ɓangarenmu yana jikin naku."

"Haka ne."

"Tumakin nan ba na kaiwa kasuwa ba ne, ka sani. In an kwashe su, naka za su bazu har bayan dutse."

"Na sani."

"Sai dai maƙwabci ya karɓa."

Tegid ya cire hula ya sosa kai. Da ya yi magana, sai da Nesta ta matso kusa da tagar, don karon farko ke nan da ta ji ya yi ƙasa da murya.

"Ka tabbata, Idwal?"

"Ƙugun nan ne," in ji Idwal, ya dafa shi. Ƙugun bai ƙaru da komai ba tun shekara bakwai, kuma Tegid ya sani, kuma ya gyaɗa kai da alhini kamar yadda ya dace.

"To. Zan yi magana da Glesni, sai mu raba."

A nan Nesta ta fito da shayi. Tegid ya karɓi kofi, muryarsa ta dawo wurinta.

"Amma girkin dai yana nan ko, uwar ɗakina? Ko ba tumaki ai kin saba. In an bar ki haka za ki rasa abin yi, zaman banza ya kashe ki."

Idwal ya dubi takalmansa. Shi ya yi nasa, kuma ya fi ƙarfin abin da ta zata zai iya. Nesta ta ji amsar da aka saba ta hau kan harshenta, sai mu gani, wadda kowa ya san ma'anarta to. Ta haɗiye ta.

"A'a," ta ce.

Tunkiyar da aka dawo da ita ta ci gaba da cin ciyawa.

"A'a?" in ji Tegid.

"A'a, Tegid."

Ya kurɓi shayin, ya dubi cikin kofin, ya sake kurɓa.

"To," ya ce. "Awa nawa kika ce ya yi?"

"Takwas da rabi. Kada ka buɗe."

"Rwdan fa?"

"Jefa kawai."

A Nuwamba aka yi gayyar ba Penlan a ciki. Nesta ta farka ƙarfe biyar, don jiki ba ya jin sanarwa. Ta kwanta tana kallon rufi har gari ya waye. Idwal bai fitar da kujera ba. Ya zauna a kicin da jaridar jiya, bai juya shafi ba. Fito da haushin karnuka suna saukowa daga dutsen jefi-jefi, tsohon karensu yana zirga-zirga a bakin ƙofa, yana duban maigidansa yana duban waje.

"Tegid ya ce mu je Hafod a ci da mu," in ji Nesta da rana ta yi tsaka.

"Za ki?"

"In za ka."

"Ƙafar nan," ya ce.

Ta dafa ƙwai biyu, ta yanka burodi. Tana kallon sa yana ɓare nasa a hankali, ta lalubi nadama a ranta kamar mai laluben makulli a aljihu. Ta sami tausayi, ta sami gajiya, nadamar ce dai ba ta samu ba. Ya ci rabin ƙwan ya ture farantin. Ta jira ko zai sake jawowa. Da ta ga ba shi da niyya, ta jawo ta cinye ragowar, don ba a zubar da abinci a Penlan.